Dan Allah akwai wadda ta taɓa ganin likitan damuwa ta bidiyo kol? Ina neman shawara

Maman_Nana:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, kuma ina roƙo a fara saurarona kafin a yi min faɗa.

Na haihu 'yan watannin nan, haihuwa ta biyu, lafiya lau aka yi suna, na yi wankan jego a gidanmu na yi arba'in na dawo ɗakina, amma wlh tun daga nan ban koma daidai ba. Bacci ba na yi, ko yarinyar ta yi bacci ni ido biyu har a kira assalatu, kuka yana zuwar min ba dalili ina tsaka da wanke-wanke sai kawai hawaye, abinci ma dan dai ina shayarwa ne nake turawa, ga faɗuwar gaba ko sallama aka yi sai ƙirjina ya buga. Abin da ya fi damuna wani lokacin ina riƙe da yarinyar sai in ji kamar ba ni na haife ta ba, sai kuma in zauna ina jin haushin kaina ina cewa wace irin uwa ce ni.

Hajiyarsu maigida ta ce iska ce ta jego, an karɓo rubutu na sha, an yi hayaƙi, an kawo malami ya yi ruƙya, ban raina ba Allah ya saka musu, amma abin yana nan. Ƙanwata da ke karatu a BUK ita ta ce min wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma yanzu ba sai an je asibiti ba, akwai likitocin da ake zama da su ta waya kina ganinsu suna ganinki.

To ni matsalata gidan yawa muke a Kurna, ga facaloli ga yara ga masu shigowa, in na ce zan je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau kafin in dawo labari ya gama unguwa wai matar wane ta zautu, kun dai san halin mutanenmu. Shi ya sa na ji abin wayar ya kwanta min. Amma yana aiki da gaske kuwa ko cin kuɗi ne kawai? Ana samun mai jin Hausa, kuma mace? Sirrina ba zai fita ba? Dan Allah wadda ta taɓa yi ta faɗa min gaskiya.

Anti_Hotoro:

Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya ya raya miki. Kin yi ƙoƙari da kika iya rubuta wannan.

Ni na yi, kuma ya yi min amfani. Nawa ba na haihuwa ba ne, mahaifinmu ne ya rasu lokacin kullen korona a 2020, lokacin da aka rufe Kano ba shiga ba fita, ko zaman makoki na kirki ba a yi ba, abin ya tsaya min a rai na daina bacci na daina son shiga mutane, sai wata ƙawata ta haɗa ni da wata masaniyar halayyar ɗan'adam da ke Kaduna, Bahaushiya ce, muka riƙa zama sati-sati ta bidiyo.

Ga yadda abin yake dan kar ki tsorata. Zaman farko tambayoyi ne kawai, akwai wasu guda tara da take bi ɗaya bayan ɗaya a kan sati biyun da suka wuce, bacci, cin abinci, gajiya, ko kina jin daɗin abin da kika saba jin daɗinsa, har ta tambaye ni kai tsaye ko na taɓa tunanin gara ma in mutu. Na ji nauyin tambayar amma kowa suke yi wa, kar ki ɓoye. Daga nan kowane zama kusan minti 45 zuwa awa ɗaya ne. Kuma ba hira ba ce irin ta ƙawaye da za a ce miki ki yi haƙuri kowa da tasa, aiki take ba ni, na sayi ƙaramin littafi ina rubuta tunanin da ya zo min da dare, kamar "da na matsa an kai shi asibiti da wuri da bai rasu ba", sai in mun haɗu mu zauna a kan jimlar nan, ta ce mene ne hujjarki, a ranar me kika sani me ba ki sani ba, asibitocin ma a wane hali suke a lokacin. A hankali a hankali har tunanin ya rage ƙarfi. Ta ce sunan wannan hanyar CBT.

Maganar Hausa kuwa ki dage a kai. Ina jin Turanci daidai gwargwado amma ciwon rai da harshen uwa yake fitowa, in kin ce "zuciyata ta ƙuntata" ko kika ce "ina jin nauyin surukata" kina buƙatar wadda ta san me ake nufi da kunya da kara, wadda ba za ta ce miki ki je ki zaunar da uwar mijinki ki faɗa mata ra'ayinki ba, kin san wannan a wurinmu kashe aure ne.

Abin da ya fi ba ni wahala ba netwok ba ne, wuri ne. Ni a cikin mota nake yi, in ja ta gefen gida in rufe gilas in sa iyafis, nan na yi kukana son raina ba mai ji. Ke da kike gidan yawa wannan shi za ki fara warwarewa tun kafin ki biya ko sisi, dan in kina magana kina kallon labule kina rage murya to rabin maganar ba za ta fito ba, kuɗinki kawai za ki ƙona. Ko gidanku za ki riƙa zuwa ranar, ko hantsi lokacin da yara suka tafi makaranta facaloli suna kan aiki, ki sa ƙanwar taki ta zo ta riƙe miki jaririyar a tsakar gida.

Sai data, awa ɗaya ta bidiyo tana iya cin rabin gig, ki cika cajinki tun dare. In Zoom ne na kyauta yana yankewa a minti 40, kar ki zaci ita ta kashe. In sabis ya yi rauni ku kashe kyamara ku ci gaba da murya, mu haka muke yi.

Abu_Sadiq_Gwale:

Allah ya ba ki lafiya baiwar Allah. Ni dai shawarata ki riƙe azkar na safe da yamma da karatun Alƙur'ani, babu damuwar da ta fi ƙarfin wannan. Sannan gaskiya abin nan na bidiyo bai kwanta min ba, matar aure ta zauna a ɗakin mijinta ta buɗe kyamara tana faɗa wa wanda ba ta sani ba sirrin gidanta, in ya naɗa fa? Muna ganin yadda ake yaɗa bidiyon mutane a TikTok kullum. Kuma mijinki ya sani? Ba faɗa nake ba, tsoro nake ji miki.

Sista_Jinya:

Malam Abu Sadiq tsoronka na naɗar bidiyo yana kan hanya kuma maganar miji ma gaskiya ce, amma azkar da magani ba kishiyoyi ba ne. Annabi SAW da kansa ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma yana neman tsari daga hammu da hazan a addu'arsa. Annabi Yaƙub idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Mai hawan jini yana azkar yana shan ƙwayarsa, ba wanda ya ce masa ya zaɓi ɗaya. In muka riƙa ce wa mai jego rashin azkar ne ya jawo mata, ƙara mata jin laifi muke yi, kuma jin laifin nan yana cikin ciwon.

Maman Nana ƙanwata, ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Kano, ki karanta wannan a nutse.

Abin da kika lissafa ya yi kama sosai da ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma ba ke kaɗai ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana samun irin wannan matsalar bayan ta haihu, yawanci damuwar ce. Akwai 'yar ƙuncin da ke zuwa kwanakin farko, kuka-kuka da saurin fushi, wannan kafin sati biyu ta wuce da kanta. Wanda ya zarce haka har watanni ya hana bacci ya hana ci, ciwo ne, kuma ana warkewa. Jin da kike kamar ba ke kika haife ta ba shi ma alamar ciwon ce, ba halinki ba ne, muguwar uwa ba ta kwana tana kuka a kan ko ita uwa ce ta gari.

Bidiyo yana aiki? Eh, ga damuwa da fargaba waɗanda ba su yi tsanani ba, bincike da yawa ya nuna zaman tattaunawa ta bidiyo yana ba da sakamako kusan daidai da na ido da ido. Kuma dole ma mu rungume shi, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya gaba ɗaya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, wasu ma kullum ficewa waje suke, in aka ce kowa sai ya bi layi a asibiti da yawa ba za su taɓa ganin kowa ba.

Amma ni a naki ina so a fara ganinki ido da ido ko sau ɗaya ne, ga dalili. Mai jego tana iya samun ƙarancin jini, tana iya samun matsalar maƙoƙo wato tayroid bayan haihuwa, duka biyun suna kawo kasala da bugun zuciya da rashin bacci su yi kama da damuwa sak. Waya ba ta auna jini, ba ta auna BP. Kuma ba sai kin je Dawanau ba tunda sunan ne yake tsorata ki, duk da can ɗin ma asibiti ne kamar kowane. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen ƙwaƙwalwa a cikinsa, wanda ya gan ki a bakin get bai san wane sashe za ki ba. Ko ranar da za ki kai yarinya rigakafi ki ja ma'aikaciyar gefe ki ce ba kya bacci kina yawan kuka kina son ganin likita, ba wanda zai zarge ki dan kin kai 'yarki allura. In an duba an ga jikin lafiya, sai ki ci gaba da zaman bidiyon hankali kwance.

Sannan ki san wa kike magana da shi dan ba duka ɗaya ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne cikakke da ya yi karatun likitanci ya ƙware, shi ne mai ikon rubuta magani, kuma yana da rajista da MDCN, wato hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya. Masanin halayya na asibiti shi aikinsa tattaunawar ce irin wadda Anti ta faɗa, ba ya rubuta magani. Duk wanda ba likita ba ya ce miki ta waya je kemis ki sayi kaza, ki rabu da shi. Kuma dan girman Allah kar rashin bacci ya sa ki karɓi D5 ko wata ƙwayar bacci a kemis, suna kama mutum, suna kuma bi ta nono su sa jariri ya yi ta bacci ya kasa tsotso.

Na ƙarshe kuma shi ya fi komai. In kika ji tunanin cutar da kanki ko yarinyar, ko kika fara jin muryoyi ko ganin abin da wasu ba sa gani, ko kika yi kwanaki ba bacci sam kuma kanki ya rikice, wannan ba na jiran ranar bidiyo ba ne, a ranar za a kai ki asibiti ko da tsakar dare ne, ki faɗa wa ƙanwarki wannan tun yanzu dan ta sani. Irin wannan mai tsananin shi ne mutanenmu suka fi cewa aljanu ne a yi ta hayaƙi ana ɓata lokaci, alhali yana jin magani sosai in an zo da wuri.

Maganar sirri, tun Janairun 2023 da Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa wadda ta maye tsohuwar dokar 1958, mara lafiya yana da haƙƙin a rufa masa asiri. Ƙwararre na gaske tun zaman farko zai gaya miki abin da kuka tattauna tsakaninku ne, sai dai in rai yana cikin haɗari. Zai kuma tambaye ki unguwar da kike da lambar wani naki na kusa saboda ko-ta-kwana. In bai tambaya ba ni a wurina alama ce mara kyau.

Dan_FarmCentre:

Ni gyaran waya nake a Farm Centre, ɓangaren da na sani zan taɓa. Hajiya yawancin sirrin da ke fita ba daga intanet yake fita ba wlh, daga hannu yake fita. Kullum ana kawo mana waya ba ko makulli, yaro ya ɗauka yana gem ya buɗe WhatsApp, ko an ba maƙociya aron kira ta tsaya karanta saƙo. Ki sa fin ɗin da ke kaɗai kika sani, ki kashe nuna saƙo a saman sikirin, sannan ki shiga WhatsApp ki duba wurin na'urorin da aka haɗa ko akwai wata kwamfuta ko waya da ke karanta saƙonki ba ki sani ba, in kin gani ki cire. Kiran WhatsApp a rufe yake daga ke sai wanda kika kira, ko kamfanin ba ya ji, amma wannan ba ya hana wanda ke ɗaya gefen ya naɗi sikirin ɗinsa, to ka ga maganar Malam tana nan, amana ce ta mutum, shi ya sa sai an tantance shi. Ki sa hijabinki kamar yadda za ki je asibiti, ki juya bayanki ga bango kar a ga ɗakin, in ma ba kya so ki ce murya kawai za ki yi.

Kuma a kula da 'yan damfara. Matar yayana ta taɓa biyan wani da ta gani a Instagram ya sa farar riga yana kiran kansa dokta, ya ce sai ta tura kuɗin zama goma a dunƙule akwai ragi, tana yin transfa ya yi zama ɗaya na 'yan mintuna yana karanto mata abin da kowa zai iya samu a Google, daga nan lamba ta daina shiga. Ki tambayi cikakken suna, a ina ya yi karatu, wane asibiti yake aiki, lambar rajistarsa, na gaske ba ya jin haushin wannan tambayar. Ki biya zama ɗaya-ɗaya. Mafi sauƙi ma in kin je asibitin kamar yadda Sista ta ce, ki tambaye su a can su haɗa ki da wanda suka sani yana yi ta waya.

Ummu_Khalifa:

Ni maganar maigida zan ƙara. Ki gaya masa dan Allah, ba dan neman izini kaɗai ba, dan in ya gane shi ne zai zame miki katanga wurin Hajiyarsa da facaloli. Nawa da farko cewa ya yi me na rasa a gidan nan da zan ce ina da damuwa, ci ko sha? Sai da likitar ta ce in sa shi a zama ɗaya, ya zauna gefena muka jingina wayar da filo, ta yi masa bayani da Hausa cewa ba gazawarsa ba ce ba kuma raini ba ne, ciwo ne da ke bin haihuwa. Tun ranar shi yake ɗaukar yaron da daddare in samu in runtsa, shi yake sa min data ma. Maza da yawa in daga bakin likita suka ji sun fi yarda.

Akwai kuma ƙungiyoyi masu taimakawa ta waya irin She Writes Woman da Hauwa Ojeifo ta kafa a 2016, da MANI wato Mentally Aware Nigeria Initiative, ki sa ƙanwarki ta duba shafukansu na gaskiya ta tambaya ko suna da mai Hausa.

Abu_Sadiq_Gwale:

To Sista na ji bayaninki, in dai da sanin mijinta ne kuma mace ce ƙwararriya ba ni da ja. Allah ya sa kaffara ne. A dai haɗa da addu'ar.

Maman_Nana:

Na gode na gode, Allah ya saka muku da alheri ya biya muku buƙatunku, wlh ina karantawa ina hawaye. Sista tunanin cutar da kaina ko yarinyar bai zo min ba alhamdulillah, kuma ba na jin wata murya, amma na nuna wa ƙanwata abin da kika rubuta ta karanta. Jiya da daddare na yi wa abban Nana maganar, ya yi shiru ya daɗe sannan ya ce shi ma ya lura na canja ya rasa ta inda zai fara ne, ya ce ranar rigakafin yarinya shi zai kai mu da kansa mu ga likita daga nan. Wuri kuma mun yanke gidanmu zan riƙa zuwa, ɗakin Umma akwai ƙofa mai sakata.

Tambaya ɗaya ta rage Sista, in likita ya ce sai na sha magani, dole in yaye ta? Dan wannan shi ne abin da ba zan iya ba yanzu, ko wata shida ba ta yi ba.

Sista_Jinya:

A'a ƙanwata ba dole ba ne, akwai magungunan damuwa da ake ba mai shayarwa tana ci gaba da ba da nononta, ki dai faɗa wa likitan tun farko cewa kina shayarwa da watannin yarinyar, shi zai zaɓa. Wataƙila ma ya ce tattaunawar kaɗai ta isa, ya danganta da abin da ya gani. In an ba ki, ki sani ba ya aiki rana ɗaya kamar farasitamol, yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu wani lokacin har shida kafin ki ji sauƙi sosai, kar ki ce bai karɓe ki ba ki ajiye, kuma in kin ji sauƙi kar ki daina da kanki sai likita ya rage miki a hankali.

Kafin ranar ki rubuta a takarda yaushe abin ya fara, awa nawa kike bacci, da duk abin da kike sha har na gargajiya da rubutun, ki tafi da ita dan a gaban likita mutum yakan manta rabi. Ki tafi da katin awonki ma in yana nan.